Gwanintar Magini da Haƙƙin Maƙwabci

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ya san cewa manomi ba ya sa wa sassabe wuta sai ya tsaya ya duba inda iska ta nufa, domin kada ya ƙone audugar maƙwabcinsa. Haka kuma ba a kafa majema a tsakiyar gari. Wannan ilmi ba a makaranta aka koye shi ba, amma ina so mu auna wani babban aikin gini da shi, mu ga ko masu ilmin zamani sun cika mudun.

A shekarar 1957 Faransawa suka ƙudura gwada bom ɗin nukiliya a cikin Sahara, suka zaɓi wani wuri da ake kira Reggane a ƙasar Aljeriya, wadda a sa'an nan tana hannunsu. Ba ruwa, ba itace, ba hanyar kirki. Injiniyoyinsu suka haƙa rijiyoyi, suka kafa injin wutar lantarki, suka shimfiɗa filin jirgin sama, suka gina barikin da ya ɗauki dubban mutane. Ɗakunan bincike kuwa sai suka fafe su cikin gindin tudu, don zafi da girgiza kada su taɓa kayan awo. Can wajen Hamudiya, kamar tafiyar mil 30 daga barikin, suka tsai da hasumiyar ƙarfe mai tsawon ƙafa 330 ko kusa da haka, suka gina ɗakunan kankare masu kauri, suka ja wayoyi tsakaninsu. A kan hasumiyar nan aka ɗora bom na fari, aka tashe shi ran 13 ga Fabrairu, 1960. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu.

To, jama'a, in dai gwaninta ce, ba mai musu. Mu da muka san wahalar haƙa rijiya guda a kan fako, ba mu raina wanda ya shayar da gari sukutum a tsakiyar rairayi. Amma a dubi abin da aka tsara ginin ya kāre. Kankare ya kāre na'urori da ma'aikatan cikinsa. Mutanen dausayoyin da ke kewaye, waɗanda da yawansu aka ɗauka lebura, ba su da irin wannan katanga. Ƙurar kuwa ba ta san iyakar ƙasa ba. Wata taswirar soja da aka ɓoye, aka fito da ita a 2013, ta nuna ƙurar bom ɗin nan ta kai Njamena da Bamako, cikin kwana 13 har ta taɓa kudancin Sifen. Tsakaninmu da Reggane ya fi mil 1,000, amma a tuna watan Fabrairu ne, lokacin hazo, auduga na jibge a fili ana awo a kasuwanni, ana kai ta gidan gurza a Funtuwa, rijiyoyi a buɗe, shanu a makiyaya. Tsoron da ya kama mutanen Arewa a shekarar nan ba na jahilci ba ne. Da aka tashi bom na uku ran 27 ga Disamba, 1960, gwamnatin Alhaji Abubakar Tafawa Balewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, ta sallami jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragensu na ruwa da na sama shigowa. A ganina ya yi daidai.

Wani zai ce, ai injiniyoyin sun gyara, tun da bayan bom huɗu a sarari sun koma ƙarƙashin ƙasa. Gaskiya ne. Sun tafi In Ekker cikin duwatsun Hoggar, suka huda wani dutse mai suna Taourirt Tan Afella, suka yi ramuka masu tsawo, ƙarshen kowane a naɗe kamar katantanwa. Dabarar ita ce, in bom ya tashi, girgizar ta rufta ramin ta toshe shi da kanta kafin guba ta fito. A takarda dabara ce mai kyau. Ran 1 ga Mayu, 1962, sai ramin ya ƙi toshewa, narkakken dutse da baƙin hayaƙi suka yi waje, iska ta juyo da su kan 'yan kallo, har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Duk da haka aka ci gaba, har aka cika gwaji 13 a wurin a 1966.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar tashi. Mai gina rumbu ya san wata rana za a rushe shi, ƙasar ta koma gona. Waɗannan sun zana yadda za a shiga, ba su zana yadda za a fita ba. Da suka miƙa wuraren a 1967, sai suka haƙa ramuka suka binne motoci da ƙarafa da tarkacen da guba ta taɓa, suka rufe da rairayi. Rairayin Sahara kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Talakawa suka riƙa tono ƙarfe da wayar jan ƙarfe suna sayarwa ko su yi rufin ɗaki, ba su san abin da suka ɗauka ba.

Saboda haka ban yarda da masu cewa laifin na sarakuna ne kaɗai, magini umurni ya bi ba. Wanda ya san kaurin bangon da zai tsare na'ura, ya san abin da zai sami mutumin da ba shi da bango. Faransa ta yi dokar biyan diyya a 2010, amma mutanen Aljeriya da suka samu ba su taka kara sun karya ba. Gwamnatin Aljeriya ta sha roƙon a ba ta taswirar wuraren da aka binne kayan, don a san inda za a kewaye da inda za a hana makiyaya bi. Waɗanda suka haƙa ramukan nan ma'aikata ne masu rubuta kome, kuma takardunsu suna Faransa.