Daga Zangon Agege: Kiɗan Wani A Hannunka

A wannan mako ba zan taɓo maganar tsadar goro ba, balle ta cunkoson motoci a kan hanyar Abekuta. Wata shari'a ce aka kawo mini har ƙofar gida, ni da ban taɓa zama alƙali ba, ban kuma taɓa riƙe sandar kiɗa ba. Abin da ya jawo mini ita kuwa shi ne an san ni a unguwa da tarin tsofaffin fayafayan garmaho, na gida da na ƙetare, waɗanda maiɗakina ta daɗe tana neman hanyar da za ta sallama wa 'yan gwangwan.

Mai ƙarar ɗan maƙwabcina ne, saurayi haifaffen nan Agege, jikan fataken goro. Tun yana ƙarami Allah ya jarabce shi da son gangunan Turawa, watau irin waɗanda mutum guda ke zama bisa kujera ya kewaye kansa da su, hannu biyu da ƙafa biyu kowanne da aikinsa. Yanzu yana cikin wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a wani otal a Ikeja daren Juma'a da na Asabar, suna yi wa baƙi tsofaffin waƙoƙin rok na Ingila da Amurka. Mahaifinsa bai taɓa son sana'ar ba, amma ya kau da kai, domin da ita yaron ke biyan kuɗin makarantarsa.

Ga abin da ya faru. Akwai wata waƙa ta Phil Collins mai suna In the Air Tonight, wadda ta fito a 1981. A faifan asali ana yin fiye da minti uku da rabi ba a jin gangar kirki sai wani ɗan bugu na inji a hankali, sa'an nan kwatsam ganguna su rufto daga ƙarama zuwa babba kamar an kwance duwatsu daga kan tudu. Duk wanda ya san waƙar wannan wuri yake jira. To, shi gogan naka da aka iso nan sai ya ajiye na Phil Collins ya zuba nasa salon, wanda ya ce ya yi mako biyu yana shiryawa, har da ɗanɗanon kiɗan kalangu a ciki. Baƙin da suka ɗaga hannu za su bi bugun da suka sani sai suka tsaya sororo. Da aka tashi, shugaban ƙungiya ya ja shi gefe ya ce daga yau ko dai ya buga kowace waƙa daidai yadda take a faifai, ba daɗi ba ragi, ko kuwa ya nemi wani wurin.

Yaron ya ce da ni, "Baba, ni fa ba rikoda ba ne. In abin da ke cikin faifai suke so, su kunna faifan mana, ai ya fi musu araha."

Ba zan ɓoye muku ba, da fari shi na ba gaskiya, kuma ina da hujja a cikin akwatina. Na zaro masa faifan ƙungiyar Cream na 1966, inda makaɗinsu Ginger Baker ya buga wani kiɗa mai suna Toad cikin minti biyar. Na zaro wani na 1968 wanda aka ɗauka a gaban jama'a a San Faransisko: kiɗan nan dai ne, mutumin nan dai ne, amma ya kai minti 16, kuma in ban da farkonsa da ƙarshensa da ƙyar za ka ce abu guda ne. Haka John Bonham na Led Zeppelin: kiɗansa Moby Dick a faifan 1969 minti huɗu ne da 'yan kai, amma a dandali yakan ja shi ya wuce minti 20, har ya ajiye sanduna ya dinga bugu da tafin hannu kamar mai kotso. Ashe ke nan masu kiɗan da kansu ba su ɗauki faifai a matsayin doka ba. Faifai hoton rana guda ne, abin da hannu ya bayar a wannan sa'a a ɗakin ɗaukar murya.

Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Wanda duk ya tara kasakasan marigayi Alhaji Mamman Shata ya san Bakandamiya ba ɗaya ba ce. Ta wannan wuri daban, ta wancan daban, wata doguwa wata gajeriya, gwargwadon taron da yadda Alhajin ya tashi a ranar. Har ya rasu a 1999 ba a ji ya tsaya ya ce ga ta gaskiyar, sauran jabu ne ba. Wanda ya haddace guda ɗaya ya ce ya riƙe Bakandamiya, ruwan randa ya ɗiba ya ce ya kamo kogi.

Akwai ma wani abin dariya. Ringo Starr na Beatles bahago ne, amma a kan gangunan da aka jera don na-dama ya koyi kiɗa. Shi da bakinsa ya sha bayyana cewa wannan ne ya sa zagayensa a kan ganguna yake fitowa a karkace, ba kamar na kowa ba. Yau ga samari na-dama a ko'ina cikin duniya suna zufa dare da rana don su fitar da abin da shi bahagonci ne ya tilasta masa.

Muna cikin haka, yaro ya fara washe baki ya ga ya ci shari'a, sai ga wani dattijo abokin hirata ya iso. Tsohon makaɗin kalangu ne, ya yi shekaru yana yi wa mahauta kiɗa a mayankar Oko-Oba da wuraren dambe kafin ƙarfi ya ja baya. Aka maimaita masa magana daga farko. Bai san Phil Collins ba, bai kuma damu ya san shi ba. Ya ce a kunna masa waƙar a waya. Ya sunkuyar da kai yana saurare, har aka iso wurin da ganguna ke ruftowa. Sai ya ɗaga hannu ya ce a tsaya.

Ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, nan ka sauya?" Yaro ya ce, "Nan ne, Baba." Dattijo ya ce, "Ai take ka taɓa."

Ga masu karatu da suka tashi a birni, bari in ɗan yi bayani. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse igiyoyinsa a hammata ko ya sassauta, murya ta hau ko ta sauka yadda harshenmu ke hawa da sauka, kamar dai yadda maƙwabtanmu Yarabawa ke yi da tasu gangar. Saboda haka sarki na da takensa, mahauta na da nasu, manoma da maƙera haka, kowane ɗan damben kirki kuma da nasa. Ɗan dambe na zaune cikin jama'a ana ta kiɗa bai motsa ba, amma da zarar an juya zuwa takensa sai ka ga tsuma ta kama shi, ya zabura ya fito fili yana kirari. Dattijon ya ce a zamanin samartakarsa ya taɓa yi wa taken wani babban mahauci ado a wurin biki, don 'yan mata su san ya iya. Mutumin bai ko waiwayo ba, don bai ji an kira shi ba. Ranar ko sisi ba su samu daga hannunsa ba, da aka koma gida kuma maigidansa ya karɓe kalangun ya mayar da shi kan kurkutu, ƙaramar gangar da yara ke farawa da ita, har tsawon wata uku.

Ya ce, "Tsakanin take da take fili naka ne, ka yi rawar da ka ga dama. Amma sunan mutum ba a yi masa kwaskwarima."

Nan na ga inda hujjata ta gaza. Na tsaya a kan cewa faifai ba doka ba ne, na manta cewa ba duk abin da ke cikin faifai ne darajarsa ɗaya ba. A kowace waƙa akwai abin da makaɗi ya buga don cike gurbi, wanda gobe shi kansa zai buga wani, akwai kuma abin da ya zama shi ne fuskar waƙar. Ko Toad da Moby Dick da na kafa hujja da su, mabuɗinsu da marufinsu ba sa sauyawa, tsakiyar ce ke yawo. Ku ɗauki We Will Rock You ta ƙungiyar Queen, ta 1977, wadda ake yi a filayen ƙwallo: taku biyu ne da tafi ɗaya. Yaron goye zai iya. Amma ka ƙara taku guda don nuna gwaninta, ka kashe ta. Sanin wanne ne take wanne ne fili, shi ne ilmin, kuma ba ya samuwa sai ga wanda ya zauna ya koyi kiɗan mai kiɗa daki-daki tukuna. Da na matsa wa yaron da tambaya, sai ya amsa cewa bai taɓa zama ya fitar da bugun Phil Collins ɗin daidai ba, wai don ya ga mai sauƙi ne.

Garin Ikko kansa shaida ne a kan wannan. A shekarun 1960 ƙungiyoyin samari irin su Clusters da Hykkers da waƙoƙin Turawa suka fara, suna bin faifai sawu da ƙafa. Daga cikin Clusters aka sami makaɗi Laolu Akins, wanda ya yi aiki da Ginger Baker bayan Baturen ya ratso hamada da mota a 1971 ya zo ya kafa ɗakin ɗaukar murya nan Ikeja, maƙwabtanmu. Daga baya Akins da abokansa biyu suka kafa BLO, suka fitar da faifan kansu a 1973, kiɗan rok ne amma ƙafarsa a ƙasar nan take. Tony Allen, haifaffen Ikko a 1940, da sauraren fayafayan Art Blakey da Max Roach na Amurka ya gyara hannunsa, kafin ya haɗu da Fela a 1964 su gina kiɗan da duniya ta sani. Allen ya sha ba da labari cewa da James Brown ya zo Ikko a 1970, mai tsara masa kiɗa ya zo ya zauna kusa da shi da takarda yana ƙoƙarin rubuta abin da hannayensa da ƙafafunsa ke yi. Mai kwaikwayo ya zama abin kwaikwayo. Ya rasu a Faris a 2020, 'yan watanni bayan Baker, wanda ya riga shi a 2019.

Ba kuma cewa nake ba a taɓa juya waƙa ɗungurungum ba. A 1968 Joe Cocker ya ɗauki With a Little Help from My Friends ta Beatles, wadda ta fito shekara guda kafin nan, ya rage mata gudu, ya sauya mata ma'aunin kiɗa baki ɗaya, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila, masu waƙar kuma suka yaba. Amma ku lura, shi da dukan makaɗansa ne suka shirya a kan haka, tun daga bugun farko mai saurare ya san sabuwar tafiya ce. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, gaskiya ne, sai dai a sanar da masu rawar. Abin da ɗan maƙwabcina ya yi daban ne: mutum huɗu na kan hanya ɗaya, jama'a na biye, shi kaɗai ya karkata a daidai mararraba ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Shi ma shugaban ƙungiyar ban wanke shi ba. Cewa a buga kome da kome yadda yake a faifai magana ce ta wanda ya fusata, ko kuma wanda ke tsoron mai otal. Makaɗin da aka ɗaure haka hannunsa mutuwa yake yi, ya riƙa ƙidaya maimakon saurare, jama'a kuwa suna jin bambancin ko da ba su iya faɗinsa ba. In ana ruwa baƙi goma ne a zaure, ba za a buga musu yadda za a buga wa ɗari biyu daren sallah ba, faifai kuwa bai san wannan ba.

Abin da muka yanke, ni da dattijon, shi ne yaron ya koma ya ba shugabansa haƙuri a kan wannan dare, ba tare da wani amma ba. Sa'an nan ya roƙi su zauna da jerin waƙoƙinsu guda guda, a sa alama a wuraren da ba a taɓawa, sauran a bar masa. Salon nan nasa na mako biyu kuma kada ya yar, ya kai wa 'yan'uwansa su gina masa waƙar da za ta ɗauke shi tun daga tushe.

Ya tafi ba da cikakkiyar fara'a ba. Shekaranjiya da la'asar ina dawowa daga kasuwa na hango shi a ƙofar gidan dattijon, zaune bisa tabarma da kurkutu a gabansa, yana maimaita bugu ɗaya tak, tsohon na kishingiɗe yana girgiza kai yana cewa a sake. An ce mini shugaban ya yarda da zaman, amma ya ce waƙar Phil Collins ba ta cikin abin da za a tattauna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.