Ko Dokokin Kare 'Yan Wasa Ne Ke Rage Armashin Ƙwallo?

A gidajen kallon ƙwallo na garin Kafanchan, da ma na Kagoro da Zonkwa da Kwoi, da wuya a tashi wasa ran Asabar ba a yi cacar baki a kan alƙalin wasa ba. Kukan kuwa kusan iri ɗaya ne, wai ƙwallo ya koma wasan 'yan lele, da an taɓa gola sai a busa usur, da ɗan baya ya kai ƙafa sai jan kati, in kuma an jefa ƙwallo a raga ba wanda zai yi murna sai an jira abin da na'urar VAR za ta ce. Dattawan da suka ga zamanin Ranchers Bees a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna sukan ce a da namiji ne ke buga baya, yau kuwa sai wanda ya iya ɓoye hannuwansa.

Wannan kuka ba a Kudancin Kaduna kaɗai ake yin sa ba. A Amurka akwai wani irin ƙwallo mai siffar ƙwai da ake ɗauka a hannu, mutum goma sha ɗaya a kowane gefe, kuma kayar da abokin karawa ƙasa yana cikin wasan. Ɗan wasan da ke jefa ƙwallo shi ne ginshiƙin ƙungiya, saboda haka hukumar gasar, wato NFL, ta yi masa doka ta musamman. Wanda ya buge shi bayan ya riga ya saki ƙwallo, ko ya kai masa duka a kai, ko ya faɗa masa a gwiwa, za a ci ƙungiyarsa tarar yadi 15, a kuma ba abokan karawa sabuwar damar kai hari. Dokar ta ƙara da cewa in alƙali yana kokwanto, to, ya hukunta.

Kusan kowane ƙari da aka yi wa dokar nan, wani babban ɗan wasa ne ya ji ciwo tukuna. A 2008 Tom Brady ya samu rauni a gwiwa a wasan farko na shekara, sai aka tsananta hana kai hari ƙasa-ƙasa a 2009. A watan Oktoba na 2017 Anthony Barr ya danne Aaron Rodgers har ƙashin wuyansa na gaba ya karye, sai a 2018 aka ce ba a yarda mai tsaro ya sauke nauyin jikinsa a kan mai jefa ƙwallo ba. Nan fa rigima ta tashi, domin a watan Satumba na shekarar aka hukunta Clay Matthews na Green Bay mako uku a jere, jama'a suna tambaya yadda ƙato zai kayar da mutum cikin gudu kuma ya hana kansa faɗa masa.

Abin ya ƙara ƙamari a 2022. Ran 29 ga Satumba aka fitar da Tua Tagovailoa na Miami daga fili a kan gadon ɗaukar majiyyata bayan kansa ya bugu da ƙasa. Kwana goma bayan haka, ran 9 ga Oktoba, Grady Jarrett na Atlanta ya kayar da Brady kayarwar da yawancin masu kallo suka ɗauka halal ce, amma alƙali ya ce laifi ne, Tampa Bay ta riƙe ƙwallo har ta ci wasan 21 da 15. Kashegari aka yi wa Chris Jones na Kansas City irin wannan hukunci, alhali kuwa ya riga ya ƙwace ƙwallon daga hannun Derek Carr kafin su faɗi. Filin wasan ya ɗauki ihu na tsawon lokaci.

Masu sukar dokar suna da wata hujja mai ƙarfi, wato kuɗi. A 2020 Patrick Mahomes ya sa hannu a kwantiragin shekara goma na dala miliyan 450, kuma ba mai ƙungiyar da zai so irin wannan jari ya kwanta a asibiti. Don haka suke cewa an kare mai jefa ƙwallo ne saboda tsadarsa, an bar sauran 'yan wasa suna gwara kai. Amma akwai ɗaya gefen maganar, kuma wani ɗan Nijeriya ne ya fito da shi fili. Dokta Bennet Omalu, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, shi ya binciki gawar tsohon ɗan wasa Mike Webster a 2002, ya kuma buga sakamakonsa a 2005, inda ya nuna yawan bugun kai yana lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar NFL ta fara musantawa, amma a 2013 ta yarda ta biya tsofaffin 'yan wasa dala miliyan 765, daga bisani ma aka cire iyakar kuɗin.

Ƙwallon ƙafa ma hanyar da ya bi ke nan. A gasar cin kofin duniya ta 1966 a Ingila an yi ta harbin ƙafar Pele har ya fita yana ɗingishi. A gasar 1970 aka fara amfani da kati mai ruwan ɗorawa da jan kati. Marco van Basten, wanda ya zama gwarzon Turai sau uku, ya buga wasansa na ƙarshe a 1993 yana da shekara 28 kacal saboda ciwon idon sawu, kuma a 1998 aka zartar cewa keta ta baya mai jefa ɗan wasa cikin haɗari jan kati ce. Petr Cech ya samu karaya a ƙoƙon kai a 2006, ya ƙare rayuwarsa ta wasa da hular kariya. Victor Osimhen ya karye a fuska a wasan Napoli da Inter a watan Nuwamba na 2021, shi ne mafarin takunkumin da ake ganinsa da shi.

To, a nan ne ya kamata mai kallo ya bambance abu biyu da ake cakuɗawa. Dokar daban, rashin daidaito wajen aiki da ita daban. Ran 30 ga Yuni 2014 a Brasilia, Blaise Matuidi na Faransa ya taka ƙafar Ogenyi Onazi, yaron Jos, aka ɗauke shi daga fili, alƙali Mark Geiger na Amurka ya ba da katin gargaɗi kawai, Nijeriya ta sha kashi 2 da nema. A ranar ba a ji wani ɗan Nijeriya yana cewa ƙwallo ya yi laushi ba, kowa jan kati yake nema. Ran 7 ga Fabrairu 2024 kuma a Bouaké, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka, an soke ƙwallon da Osimhen ya ci aka koma baya aka ba Afirka ta Kudu fenariti saboda ketar da Alhassan Yusuf ya yi wa Percy Tau. Ran nan na'urar ta sha zagi, ko da yake hoton ya nuna an yi ketar, Nijeriya kuma ta wuce da bugun fenariti 4 da 2. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Saboda haka kukan da ke da tushe shi ne na cewa keta iri ɗaya yau a ba da jan kati, gobe a kau da kai, ko kuwa a duba sunan ɗan wasa kafin a yanke hukunci. Wannan haƙƙin 'yan kallo ne su nemi a gyara. Akwai ma lokacin da tsarin kansa ke jawo haɗari, kamar yadda aka gani a watan Mayu na 2025, sa'ad da mataimakiyar alƙali ta jinkirta ɗaga tutar satar gida bisa ƙa'idar VAR, Taiwo Awoniyi na Nottingham Forest ya bugi ƙarfen raga har aka yi masa aikin gaggawa a ciki. Irin wannan yana bukatar a sake dubawa, amma ba hujja ba ce ta komawa zamanin karya ƙafa.

Abin da ya fi shafar jama'ar Kafanchan kai tsaye ba ya cikin talabijin. A ƙarshen kowace shekara unguwanni da ƙauyuka da ƙungiyoyin matasa sukan shirya gasa, daidai lokacin da hunturu ya busar da ƙasa ta zama kamar daɓe. Yawancin filayen na makarantu ne, ba ciyawa, ba motar asibiti, 'yan wasa da yawa ba su da abin kare ƙwauri. Matashin da ya karye a Turai yana da likita da inshora da albashi yana kwance, amma wanda ya karye a filin firamare sai iyayensa su sayar da citta ko masara, sau da yawa kuma a wajen mai ɗori za a ƙare. In 'yan kallo suka ci gaba da yi wa alƙali ihu duk lokacin da ya busa keta, darasin da yara za su ɗauka shi ne mugunta ita ce jarumtaka.

Don haka ya wajaba masu shirya gasa a ƙananan hukumomin Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba su nemi alƙalai masu takardar horo daga hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, su karanta wa kyaftin-kyaftin dokoki kafin a fara, su kuma tanadi ma'aikacin lafiya da abin hawa a bakin fili. Wanda ya bugu a kai kada a mayar da shi wasa ran nan, ko da shi ne tauraron ƙungiya, tun da hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta duniya ta shigar da canji na musamman saboda bugun kai cikin dokokinta a 2024. Shi ma alƙalin a ba shi tsaro, domin wanda ke tsoron duka bayan tashi ba zai iya hukunta ɗan gari ba. Rigakafi dai ya fi magani, kuma kofin da za a ɗaga ran ƙarshe bai kai ƙafar yaro ɗaya daraja ba.