Raddi Ga Masu Cewa Baiko Ya Halatta Kwanciya

Akwai maganar da ke yawo a tsakanin matasan ekklesiya, har wasu dattawa na gyaɗa mata kai. Wai da zarar an yi baiko, saurayi da budurwa sun zama miji da mata a gaban Allah, ɗaurin aure a majami'a biki ne kawai.

Hujjarsu ta farko, wai a zamanin Littafi Mai Tsarki baiko yana da ƙarfin aure. Haka ne, shi ya sa a Matiyu sura 1 Yusufu ya yi niyyar rabuwa da Maryamu kamar mai sakin matarsa. Amma su ƙarasa karatun mana. Me ya sa cikin Maryamu ya tayar masa da hankali? Don ya san ba nasa ba ne, bai taɓa kusantarta ba. Baikon da ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba, bai buɗe masa ƙofar ɗaki ba.

Ta biyu ta fi ciwo: wai a gwada a ga ko yarinyar tana haihuwa. To, in an yi wata da watanni shiru fa? Sai saurayin ya zame, ita ta zama abin faɗa a unguwa, alhali rashin haihuwa kan fito daga namiji ma, asibiti kuma na iya auna shi. Ishaku ya auri Rifkatu yana da shekara 40, tagwaye ba su zo ba sai da ya kai 60, kuma bisa ga Farawa 25 addu'a ya yi mata. Da ya bi wannan dabara, da wa za ta haifi Yakubu?

Kan tsadar aure kuwa, suna da gaskiyarsu. Akwatunan lefe, anko da hayar zauren biki sun sa baiko na cin shekaru. Sai dai maganin da Bulus ya bayar a 1 Korintiyawa 7 shi ne a yi auren. Su kai kukansu wurin iyaye da Zumuntar Mata, a rage kaya, a matso da rana.

Saura masu cewa ai akwai alheri, Allah zai gafarta. Yana gafartawa, ba a rufe wa wanda ya faɗi ƙofa ba. Amma Romawa 6 ta riga ta amsa wa mai shirya zunubi da lissafin gafara a aljihu. Ranar da dattawa suka sanar da horo kuma, budurwar ce ke zama a bencin baya da ciki ya fito, gogan kuwa sau da yawa ya riga ya koma wata ekklesiya a wani gari.