Wankin Mota a Minna: Wa Ke Biyan Kuɗin Ƙyalli?

Duk ma'aikacin da ya saba bin hanyar Suleja zuwa Minna a ƙarshen mako ya san yadda ƙura ke yi wa mota. Shi ya sa wuraren wankin mota a Tunga da Kpakungu da Bosso ba sa rasa ciniki. Mai mota ya biya kuɗi ya tafi da motarsa tana sheƙi. Yaron da ya yi wankin kuwa hannuwansa sun yini cikin kumfa, ruwan daudar kuma ya bi kwata.

Sabulun ruwa yawancinsa ruwa ne, kuma ƙwayoyin cuta na iya ɓata shi, don haka kamfanoni ke zuba masa sinadarin hana lalacewa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su shi ne methylisothiazolinone, wanda ake taƙaitawa da MI ko MIT a jikin kwalba. Likitocin fata sun san shi sarai. A 2013 ƙungiyar masana cututtukan fata ta Amurka ta ayyana shi a matsayin sinadarin shekara wajen jawo borin fata. Alamominsa su ne ƙaiƙayi, ja, ƙuraje da tsagewar hannu, kuma da zarar jiki ya ƙi shi, yawanci ƙin ya zauna ke nan har ƙarshen rayuwa.

Tarayyar Turai ta hana sa shi a mayukan shafawa tun daga 2017, sannan ta rage adadinsa a kayan wanke jiki zuwa kashi 15 cikin miliyan ɗaya. Dokarta ta sabulai kuma ta tilasta a rubuta sunan sinadarin hana lalacewa a jikin kaya komai ƙanƙantarsa. Idan an yi wannan taka-tsantsan saboda mai wanka na minti biyar, ina ga matashin da ke wanke mota daga safe zuwa magariba babu safar hannu?

A nan gida matsalar ta fi haka zurfi. Sabulun da ake sayarwa a jarka ko a tsohuwar robar ruwa ba shi da takardar bayani, kuma masu haɗa shi a gida sukan zuba fomalin don kada ya lalace. Tun 2004 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarin da ke cikin fomalin a jerin abubuwan da ke jawo wa ɗan Adam sankara.

Ruwan wankin ma ba ɓacewa yake yi ba. MIT guba ne mai ƙarfi ga halittun ruwa. Yana tafiya tare da baƙin mai da kumfa cikin magudanan garin zuwa rafuka, inda masunta da manoman fadama ke neman abinci.

Babu mai cewa a rufe wuraren wankin mota, domin sana'a ce da ke riƙe da gidaje da yawa. Gyara ake bukata, kuma hukumomin da za su yi shi suna nan. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da hurumin sabulai da sinadarai, ya kamata ta bi sawun kayan jarka marasa rajista. NESREA da hukumar kare muhalli ta Jihar Neja, NISEPA, su sharɗanta wa kowane wurin wanki ramin tace ruwa kafin ya shiga kwata.

Masu karanta wannan shafi ma suna da abin yi. Jami'in da ke sa hannu kan kwangilar wanke motocin ma'aikata zai iya rubuta sharaɗi biyu: sabulu mai lambar rajista da jerin sinadarai, da kuma safar hannu ga kowane ma'aikaci. Kuɗin safar bai kai na wankin mota ɗaya a wasu wuraren Abuja ba, amma matashin da fatar hannunsa ta lalace ya rasa jarinsa gaba ɗaya.