Mu Riƙa Duban Hanya

A hutun da ya wuce, kullum da safe nakan bi kawuna daga Kabuga zuwa shagonsa a Kantin Kwari, in taya shi ninke atamfa da kai saƙo. A Daidaita Sahu muke shiga. Tun ranar farko na lura da wani abu. Mu huɗu ne a ciki ban da direba, amma ni kaɗai ke duban waje. Kawu yana lissafi a wayarsa, sauran biyun ma kowa ya sunkuyar da kai ga tasa. Ni kuwa ba ni da waya, domin dokar makarantarmu ta hana, Baba kuma ya ce sai na gama zai saya mini. Da farko abin ya ba ni haushi. Amma rashin nan shi ya buɗe mini ido, shi ya sa nake so in ja hankalin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu a kan duban hanya.

Wani zai ce, me ke akwai a hanya ban da ƙura da hayaƙi? To, akwai labari, in mutum ya iya karanta shi. Alal misali, 'yan ga-ruwa. Ranar da na ga kurarsu ta yi jerin gwano tun da sassafe, kowace cike da jarkoki, na san famfo bai zo a unguwannin ba. Akwai wani mai shayi da ke jera gwangwanayen madara kamar bene. Kafin hutu ya ƙare benen ya ragu, ƙananan ledojin madara sun maye gurbinsa. Ba sai rediyo ta gaya mini kaya sun yi tsada ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ganuwa, wadda mutanen birni ke kira badala. Hanyar tamu takan bi gefenta, a wuce Ƙofar Gadon Ƙaya, da Ƙofar Na'isa, da Ƙofar Ɗan'agundi, da Sabuwar Ƙofa, har a kai Ƙofar Nassarawa. A aji an koya mana cewa an fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, daga baya Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Mun haddace wannan don jarrabawa. Da na dube ta da idona kuwa, Allah Sarki! Wani wuri tana nan da sauran tsayinta, awaki na hawa suna kiwo. Wani wuri ta zama tudun shara. Wani wurin kuma an yanke ta an yi hanyar ƙafa, ko an kwashe ƙasarta, ko gini ya matso ya haɗiye ta. Ba rana ɗaya aka yi mata haka ba. Yau a ɗebi kwando, gobe a ɗebi baro, kuma dubban mutane na wucewa ta wurin safe da yamma.

Wata rana na ce, "Kawu, wannan Ƙofar Na'isa ita ce ta tarihi?" Sai ya ɗaga kai ya yi murmushi, ya ce, "Yaro man kaza! Ai an rushe tsohuwar a 2010 don a faɗaɗa titi, wannan sabuwa ce." Ashe ni da tsarata ba mu taɓa sanin ta asalin ba. Ita dai wannan an rushe ta a gaban kowa, har mutane suka yi ta magana. Abin da ke tafiya kaɗan-kaɗan shi ne ba ya samun mai tambaya.

Haka kududdufan da ke bakin ganuwar. Yawancinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, kuma da damina su ke shanye ruwan unguwa. Akwai wanda nake ganin balbelu a bakinsa ina ƙarami. A wannan hutun na tarar an cike rabinsa da shara da ɓaraguzai. Ruwan da yake tarawa ina zai tafi? Ai titi zai bi, ya shiga gidajen mutane, sa'an nan a ce ambaliya ce ta zo ba zato.

Na san akwai masu cewa kallon hanya aikin marar aikin yi ne, ko na baƙauye da ya shigo birni. Na kuma yarda cewa magidanci da ya fito yana tunanin kuɗin cefane da na makaranta ba lalle ne ya damu da balbela ba. Amma duba ba ya cin kwabo, kuma ba ya ƙara wa tafiya ko minti ɗaya. Balle ma a garin da ake fama da masu ƙwacen waya, wanda ya ajiye tasa a aljihu ya dubi gabansa ai shi ya fi tsira.

Mu 'yan makarantar kwana muna da wata dama da sauran jama'a ba su da ita. Mukan yi wata uku ba mu ga gari ba. Mai bin hanya kullum ba ya gane ta sāke, kamar yadda uwa ba ta ganin girman ɗan da ke gabanta. Mu kuwa da mun dawo sai bambancin ya fito fili. Saboda haka ina ba da shawara kowannenmu ya zaɓi abu ɗaya a hanyarsa, ko itace, ko rijiya, ko tsohon gini, ya rubuta yadda ya same shi kowane hutu, mu kawo wa ƙungiyar tarihi ta makaranta ta adana.

Ni na riga na zaɓi nawa. Tsakanin Ƙofar Na'isa da Ƙofar Ɗan'agundi akwai wani guntun ganuwa kusa da turken lantarki. Ranar da zan dawo makaranta na roƙi Kawu muka sauka, na auna shi da ƙafa, ya ba ni taku talatin da biyu. Na rubuta a bayan littafina na lissafi, da kwanan wata. In Allah ya kai mu hutu mai zuwa zan koma in sake aunawa, kuma Kawu ya ce zai raka ni.