Wa Zai Yashe Kwatar Hanwa?

Jama'ar Hanwa, a kasa kunne! Ku zaga gidajen Lokos da damina: kwata ta toshe, bola ta ci hanya. Dare ya yi kuwa, sai duhu, 'yan shaye-shaye su tare lungu, mace ba ta iya fita. Alhakin wa? Tsarin mulkin 1999 ya ɗora shara, magudanai da fitilun titi a wuyan ƙaramar hukuma. A 2024 Kotun Ƙoli ta ce a ba ta kuɗinta kai tsaye, gwamna ya cire hannu. To, mai neman gwamna ko majalisa in ya zo da atamfa da sabulu, ku tambaye shi gaban mai unguwa: zai saki kuɗin nan? In ya yi kame-kame, ku hana shi ƙuri'a!