Kada Mu Fasa Tarihinmu Tare da Duwatsu

Lalle duk wanda ya yi nazarin abin da masana suka tono a Gobero, cikin hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, bayan gano wurin a shekarar 2000, inda aka samu kaburbura kimanin 200 tare da masun kamun kifi na ƙashi da tsingaron tukwane, zai haƙiƙance cewa rairayin nan ya taɓa zama bakin tafki, kuma al'umma ta rayu a can da su da farauta tun shekaru dubbai.

To, idan hamada ta riƙe amanar mutanenta haka, ina hujjarmu ta sakaci da duwatsun Dutsin-Ma da Kurfi, alhali maƙabartar Durɓi ta Kusheyi, wadda aka haƙa a 1907 da 1992, ta riga ta shaida cewa ƙasar Katsina na ɗauke da taskar magabata? Manomi kan ci karo da gatarin aradu cikin kunyar gona ya jefar, mai fasa dutse kuwa ba ya tambayar abin da ke ƙarƙashin gudumarsa.

Saboda haka wajibi ne Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da taimakon hakimai da malamai, ta ƙididdige kufai da koguna, ta kuma kiyaye su, domin lura da al'amarin waɗanda suka shuɗe darasi ne da addini kansa ya kwaɗaitar da shi.